Yadda Ake Zaɓen Otal Kusa da Wurin da Ka Je Gani

Duk wanda ya ware kwana biyu ko uku don ya je wani birni ya huta, in ka bincika za ka tarar abu guda ne ya ja shi can. Wani Hasumiyar Eiffel ce ta daɗe tana masa gizo, wani Aya Sofiya, wani dalar Giza. Kwana uku kuwa, in ka cire ranar isa da ranar komawa, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa wurin kwana a irin wannan tafiya ya wuce batun gado da matashin kai. Shi ke yanke ko za ka ga abin da ka zo gani sau ɗaya cikin turmutsutsu, ko kuwa za ka gan shi da sanyin safiya, ka sake ganinsa da dare, ka koma gida ka san ka gan shi.

Abin da na fahimta bayan na yi kuskure na gyara shi ne, ba da kilomita ake auna kusanci ba. Da mintunan tafiyar ƙafa ake auna shi, daga ƙofar otal zuwa ainihin ƙofar da ake shiga wurin. Amfaninsa kuma shi ne sa'o'in da zai ba ka waɗanda wanda ya kwana nesa ba zai samu ba. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: tambayi kanka me kake so da wurin

Kafin ka buɗe shafin kama ɗaki na Booking.com ko taswirar Google Maps, zauna ka amsa tambaya ɗaya. Shiga kake so ka yi, ko kallo kake so, ko kuwa zama a unguwar da ke kewaye da wurin? Ukun nan ba otal ɗaya suke kai mutum ba.

Ɗauki Hasumiyar Eiffel ta birnin Paris. An kammala ta a 1889, tsayinta yanzu mita 330. Wanda ya tsaya a gindinta ƙarafa kawai yake gani a bisa kansa. Mai son ya gan ta a tsaye cik, daga ƙasa har ƙololuwa, sai ya tsallaka kogin Sen zuwa dandalin Trocadéro, ko ya ja da baya zuwa ƙarshen filin Champ de Mars. In dare ya yi, a farkon kowace awa takan yi ƙyalƙyali na minti 5, kuma daga ɗan nesa abin ya fi ƙayatarwa. Ke nan mai son kallo ba otal ɗin da ke manne da ita yake bukata ba.

Wani wurin kuma shiga ɗaya ake yi masa. Kolosiyam, tsohon filin wasa na birnin Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, awa biyu ko uku sun ishe ka, in ka haɗa da kangayen Forum da tudun Palatino ka ci rabin yini. Bayan nan me ya rage? In sauran abubuwan da kake son gani suna can wajen Vatican, kwana a bakin Kolosiyam ya zama wahala ta kullum saboda ziyarar rana ɗaya.

Akwai kuma inda kwana kusa ya biya kuɗin sabulu ba gardama. A unguwar Sultanahmet ta Istanbul, Aya Sofiya, wadda aka gama gininta a 537, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmed, fili ɗaya ne a tsakaninsu. Fadar Topkapi na bayanta, tsohon ma'ajin ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa na tsallaken titi. Duka cikin tafiyar minti 10. Na taɓa fitowa filin nan gari bai gama wayewa ba, duwatsun daɓen a jiƙe, tsuntsayen teku na kewaya hasumiyoyin masallaci, ba kowa sai masu shara da mutum biyu-uku. Da hantsi ya ɗaga na sake biyowa, layin masu shiga ya miƙe har ya lanƙwasa. Wannan awa ɗaya ta safe ita na saya da kuɗin otal, kuma har yau ban yi da-na-sani ba.

Wasu wuraren ma babu zancen kwana a gefensu. Mutum-mutumin 'Yanci na New York a tsibiri yake, sai da jirgin ruwa daga Battery Park ko daga ɓangaren New Jersey. A nan kusancin da za ka nema shi ne na mashigar jirgin.

Mataki na biyu: nemo ƙofar, ba tsakiyar wurin ba

Taswira takan kafa alamarta a tsakiyar gini ko fili, alhali kai ta ƙofa za ka shiga. Ga ƙaramin wuri bambancin ba komai ba ne. Ga babba kuwa yana iya cin rubu'in awa.

Gidajen tarihin Vatican misali ne da ke ba mutane mamaki. Mutum ya kama ɗaki dab da dandalin Saint Peter yana ganin ya iso, ashe mashigar gidajen tarihin tana can arewa, a titin Viale Vaticano, sai ya zagaya ganuwa na kusan minti 15. Taj Mahal na Agra a Indiya ta ƙofar gabas da ta yamma ake shiga, kuma ba a barin motoci masu hayaƙi su matso ƙasa da mita 500. Ana buɗewa rabin awa kafin fitowar rana. Wanda ya kwana inda zai tako da ƙafa zuwa ɗaya daga cikin ƙofofin nan shi zai ga farin dutsen ginin yana sauya launi da ketowar rana, kafin zafi da jama'a su taru.

Don haka shiga shafin hukumar da ke kula da wurin, ka ga ta ina ake shiga, ka sa wa wannan ƙofar alama a taswirarka. Daga ita za ka riƙa awo.

Ka kuma kiyayi ruɗin suna. Gadar nan ta Landan mai hasumiya biyu da ake ɗagawa jirgi ya wuce, wadda aka buɗe a 1894, sunanta Tower Bridge. London Bridge wata gada ce daban, ba ado ba ƙawa, kusan kilomita 1 a tsakaninsu. A Venis, birnin Italiya da ke kan ruwa, otal-otal da yawa da ke ɗauke da sunan birnin a garin Mestre suke, a kan tudu, sai ka hau jirgin ƙasa na kimanin minti 10 ka tsallaka doguwar gada kafin ka ga kwale-kwale ko ɗaya. Ba laifi ba ne kwana a Mestre, ya fi sauƙin kuɗi, amma ka zaɓe shi da saninka. Haka dalar Masar: a Giza suke, yamma da kogin Nilu, fiye da kilomita 10 daga tsakiyar Alƙahira, ga cunkoson motoci. Sannan ba dokar da ta hana mai otal liƙa sunan hasumiya ko fada a jikin allonsa ko da yana nesa da ita. Adireshi za ka duba, ba suna ba.

Mataki na uku: auna tafiyar da ƙafarka

Lafiyayyen mutum ba kaya yakan ci kilomita 1 a kimanin minti 12. In akwai yara ko dattijo, ko an yi yinin yawo ƙafa ta yi nauyi, ka lissafa 18 zuwa 20. Nisan da shafukan kama ɗaki ke rubutawa a gefen otal galibi miƙaƙƙen layi ne, irin na tsuntsu. Kai kuwa ba tashi za ka yi ba. Kwafi adireshin otal ɗin, ka zuba a taswira, ka zaɓi tafiyar ƙafa zuwa ƙofar da ka yi wa alama, ka ga abin da zai fito.

Ni nakan raba kewayen wurin gida uku. Na farko, ƙasa da minti 5. Nan ne tsada ta fi yawa, ɗakuna suka fi ƙanƙanta, hayaniya ta fi tsanani, shagunan ma duk na 'yan yawon buɗe ido ne. Na biyu, minti 10 zuwa 20. Na uku, inda sai ka hau abin hawa. Sau tara cikin goma na biyun nake zaɓa, kuma shi nake ba kowa shawara. A nan har yanzu za ka iya fita da sassafe ka dawo karin kumallo, ko ka koma ɗaki da rana ka miƙe ƙafa, amma ka fita daga cikin ruguntsumin. Titin da za ka kwana na mutanen gari ne, da kantin magani da wurin wanki da ƙaramin shago. A Rum unguwar Monti haka take ga Kolosiyam. A Atina unguwar Koukaki haka take ga Akropolis, tudun nan mai tsofaffin gine-ginen tarihi.

Bayan ka ga mintuna, duba abin da ke kan hanyar. Kogi ne a tsakani, gadar tana ina? Layin dogo ko babbar hanya mai hannu shida fa? Tudu fa? Istanbul da Lisbon birane ne masu hawa da gangara, mita 600 a can ba ɗaya take da mita 600 a shimfiɗaɗɗen gari ba, kuma taswirar na nuna hawan in ka lura. Buɗe Street View na Google Maps, wanda ke nuna hotunan titi, ka bi hanyar da ido tun daga ƙofar otal. Za ka ga ko akwai gefen titi na masu tafiya a ƙasa, ko akwai fitilu, ko lungu ne da ba za ka so bi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba.

Dogon gini ya fi kowane abu yaudarar ido. Burj Khalifa na Dubai, mai mita 828, ana hango shi daga kusan ko'ina a birnin, har mutum ya ɗauka yana miƙa hannu zai taɓa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ko tashar jirgin da ke ɗauke da sunansa, sai ka bi rufaffiyar gada ta kimanin mita 820 kafin ka shiga kasuwar Dubai Mall, daga nan kuma ka ratsa ta. A watannin zafi, lokacin da ma'auni ke haura 40, tafiyar minti 15 a waje ba abin wasa ba ce. A irin wannan birni ka tambaya ko akwai hanya mai inuwa ko mai sanyi, ba nisa kaɗai ba.

Mataki na huɗu: yadda za ka iso da yadda za ka fita

Otal na iya zama kusa da abin kallo amma ya yi nesa da komai. Duba tashar jirgin ƙasa ta cikin gari mafi kusa, ka ga layin da ke bi ta nan ina da ina yake kaiwa. Tasha mai layi biyu ta fi mai ɗaya daraja nesa ba kusa ba. A Paris, tashar Trocadéro na da layi na 6 da na 9, Bir-Hakeim na kan layi na 6, École Militaire na kan na 8. Layi na 6 ɗin nan, tsakanin Bir-Hakeim da Passy, a sarari yake tsallaka kogi, Hasumiyar Eiffel ta bayyana a taga gaba ɗayanta. Wanda ya kwana tasha uku ko huɗu a kan wannan layi kullum sai ya yi wannan kallo da kuɗin tikiti kawai. A Rum, jirgin Leonardo Express na ɗauko ka daga filin jirgin Fiumicino zuwa tashar Termini cikin minti 32, daga nan tasha biyu ce zuwa Colosseo, tashar Kolosiyam, a layin B. A Istanbul taragon T1 na tsayawa a Sultanahmet.

Tabbatar da filin jirgin da za ka sauka tun kafin ka kama ɗaki. Istanbul na da biyu, babban a ɓangaren Turai, Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya. Wasu jiragen araha da ke cewa Paris a Beauvais suke sauka, kusan kilomita 85 daga birnin.

Sai batun akwati. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da wuraren tarihi ba don mota aka gina su ba. A biranen Italiya da yawa an taƙaita shigar motoci tsakiyar gari, ana ganin allon ZTL, kyamara na ɗaukar lambar wanda ya keta, tara ta biyo shi daga baya. In motar haya za ka tuƙa da kanka, wannan ya shafe ka kai tsaye. A Venis babu mota sam, ga gadoji sama da 400, mafi yawansu masu matakala. Ƙirga gada nawa ce tsakanin mashigar jirgin ruwa da ƙofar otal, domin kowace sai ka ɗaga akwatinka ka hau ka sauka.

Mataki na biyar: gwada ranakunka da kalandar wurin

Wannan mintuna kaɗan yake ci, amma tsallake shi na iya rusa tafiyar gaba ɗaya. Gidan tarihin Louvre na Paris ba ya buɗewa ranar Talata, haka ma fadar Topkapi. Babbar rufaffiyar kasuwar Istanbul a kulle take ranar Lahadi. Gidajen tarihin Vatican ma ba sa buɗewa Lahadi sai ta ƙarshen wata. Taj Mahal ba a shigar masu ziyara ranar Juma'a. Wanda ke da cikakken yini ɗaya tal, in ya faɗo a irin wannan rana, ya biya kuɗin kusanci a banza.

Duba kuma ko ana gyara. Hasumiyar agogon Big Ben ta Landan ta shafe daga 2017 zuwa 2022 a lulluɓe da ƙarafan magina. Maɓuɓɓugar Trevi ta Rum an tsiyaye ruwanta don gyara tsakanin 2014 da 2015. Cocin Notre-Dame ta Paris ta kasance a rufe tun gobarar Afrilun 2019 har Disambar 2024. Hotunan da otal ke tallata kansa da su ba za su nuna maka wannan ba. Nemi hotunan da mutane suka ɗora a makonnin nan, su ne za su gaya maka gaskiya.

Bukukuwa ma haka. Ranar 14 ga Yuli ana wasan wuta a Hasumiyar Eiffel, daren sabuwar shekara a Burj Khalifa. A irin waɗannan ranaku ana toshe tituna, kuɗin ɗaki ya yi tashin gwauron zabi. In don bikin ka zo, kusanci ya zama alheri, don da ƙafa za ka koma ɗaki yayin da wasu ke neman mota. In ba don shi ba, matsar da tafiyar da mako guda.

Ga tsarin da nake bi: in wurin na bukatar tikiti mai ƙayyadadden lokaci, kamar cocin Sagrada Família ta Barcelona ko Kolosiyam, nakan fara kama ɗakin da za a iya sokewa kyauta, sannan in sayi tikitin, sai in tabbatar da sauran. Kada ka biya kuɗin otal da ba a mayarwa kafin ka san akwai gurbin shiga a ranakunka.

Mataki na shida: zancen ɗaki mai kallo

A nan aka fi cin kuɗin mutane, ni ma an ci nawa. Na taɓa ƙara kuɗi mai kauri a wani otal a Paris saboda an rubuta ana ganin hasumiya daga ɗakin. Da na shiga na yaye labule, bangon maƙwabta na gani. Sai da na matsa ƙuryar taga na leƙa hagu sannan na hango ɗan tsininta a saman bututan hayaƙi. Na sauka na yi magana, aka nuna mini cewa abin da aka rubuta shi ne ana ganin wani sashe. Ba su yi ƙarya ba, amma abin ya yi mini ciwo, domin tafiya ce da na daɗe ina tara mata.

Tun daga ranar na koyi rarrabe maganganu uku. In an ce otal ɗin na da kallo, mai yiwuwa daga rufinsa ne ko daga ɗakuna biyu na can sama. In an ce ana ganin sashe, ka ɗauka tsini ne ko gefe. Abin da ke ɗaure mai otal kawai shi ne a rubuta kallon a cikin sunan nau'in ɗakin da ka biya, ya kuma fito a takardar tabbatarwa. Roƙon da ka rubuta a akwatin buƙatu na musamman ba alkawari ba ne, in an samu ne a ba ka.

Ka tambaye su a rubuce: hawa na nawa ne, tagar ina ta fuskanta, za su iya turo hoton da aka ɗauka daga cikin wannan ɗakin? Otal mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Ka tuna a yawancin Turai hawa na ɗaya shi ne wanda ke saman na ƙasa, a Amurka kuwa na ƙasan shi ne na ɗaya.

Sannan ka yi wa kanka adalci: awa nawa za ka yi a farke a ɗakin? In biyu ce, otal mai baranda a rufi wadda kowane baƙo ke hawa ya wadatar, ka kwana a ɗakin baya mai shiru da sauƙin kuɗi. A kusa da dalar Giza da Taj Mahal ƙananan masaukai da yawa haka suke, rufin ne jarinsu. Amma in tafiyar ta amarci ce, ko kana tare da wanda ba ya iya yawan tafiya, tagar ita ce rabin hutun, ka biya ba tare da jin zafi ba.

Mataki na bakwai: karanta abin da waɗanda suka kwana suka faɗa

Kada makin da baƙi ke ba otal a shafukan kama ɗaki ya ɗauke maka hankali. Otal ɗin da ke bakin fitaccen wuri yakan samu maki mai yawa saboda matsayinsa kawai, wannan ya rufe aibin ɗakunan. Jera sharhin daga na baya-bayan nan, ka karanta na wata shida da suka wuce, ka fi mai da hankali ga masu matsakaicin maki, don su suka fi faɗin daɗi da rashinsa tare. Ƙorafin mutum ɗaya ba hujja ba ne. In mutum biyar da ba su san juna ba sun ambaci abu ɗaya, to akwai shi.

Abin da za ka nema musamman shi ne hayaniya. Wuraren tarihi na tara masu kiɗa a titi, gidajen rawa, ƙararrawa, motocin kwasar shara da asuba, manyan motocin baƙi da ke barin inji a kunne. Sai lifta: tsofaffin gidajen bakin ruwa na Amsterdam matakalarsu a tsaye take kamar tsani, da yawa kuma ba lifta. Sai na'urar sanyaya ɗaki, wadda ba kowane tsohon otal na Turai ke da ita ba, wasu kuma ba sa kunna ta sai a watannin bazara. Sai girman ɗaki, wanda akan rubuta da murabba'in mita. Ƙasa da 12 ga mutum biyu da akwatuna matsi ne.

Taurarin otal kuwa kowace ƙasa da ma'auninta, kuma kayan aiki suke ƙirgawa, ba tsabta ko kirki ba.

Mataki na takwas: fitar da ainihin kuɗin

Farashin da ka fara gani ba lallai shi za ka biya ba. Birane da yawa na karɓar harajin baƙi a kan kowane dare, wani lokaci a hannu a wurin karɓar baƙi. Rum na karɓa a kan kowane mutum gwargwadon darajar otal, Amsterdam kuwa tun 2024 kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin ɗaki take ɗauka. A wasu biranen Amurka otal kan ƙara wani kuɗin hidima na dole a kowane dare. Bi matakan biya har shafin ƙarshe ka ga jimla kafin ka kwatanta.

Kwatancin ma a yi shi da gaskiya. Ɗauki otal na kusa da na nesa. A kan na nesan ƙara kuɗin zirga-zirgar kowa da kowa sau biyu a rana, da tasi ɗaya ta dare, don sai an yi ta. Sannan ka ƙirga lokaci: minti 40 zuwa, 40 dawowa, kwana uku, awa 4 ke nan daga hutun da bai fi awa 30 na farke ba. Wani lokaci za ka ga na nesan ya ci riba duk da haka, musamman in yana kan layi ɗaya miƙaƙƙe. Sau da yawa kuma za ka ga arahar ta zama tsada.

Duba farashin a shafin otal ɗin kansa ma, wani lokaci sukan sauƙaƙa ko su haɗa da karin kumallo. Karanta ranar ƙarshe ta sokewa kyauta, ka lura da agogon garinsu ake lissafi ba naka ba. Ka sani otal da yawa kan riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina, sai bayan ka fita da kwanaki a sake shi, don haka kada ka je da kati mai kuɗi cif-cif. In na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi na ƙasar da kake, canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi cuta.

Mataki na tara: rubuta musu, sannan ka taka hanyar

Yawancin otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe biyu ko uku na rana, kuma suna so ka fita sha ɗaya ko sha biyu. Jirginka kuwa mai yiwuwa da safe zai sauka. Aika musu saƙo kwana biyu kafin tafiya: ga lokacin isowata, za ku ajiye mini kaya kafin ɗaki ya samu da kuma bayan na fita? Akwai mutum a wurin karɓar baƙi da dare? Mota na iya zuwa har ƙofa, in ba haka ba a ina zan sauka? Ƙananan masaukai da yawa ba kowa bayan ƙarfe goma, lambar buɗe ƙofa suke turowa, kuma gara ta iso ka tun kana da intanet. In kana son ɗakin da ke fuskantar tsakar gida saboda barci, yanzu ne lokacin faɗa.

Sauke taswirar birnin a wayarka yadda za ta yi aiki ba intanet, ka ɗauki hoton adireshin da rubutun mutanen ƙasar don nuna wa direba.

Ranar da ka isa, bayan ka ajiye kaya ka watsa ruwa, kada ka kwanta tukuna. Fita ka taka hanyar nan har ƙofar da ka yi wa alama, ka duba agogo ka ga minti nawa ta ci, ka gane inda masu tikiti ke tsayawa da inda marasa shi ke layi, ka lura da kwanar da za ka sha a dawowa. Ka dawo ta wani titin daban don ka san biyu. Sannan ka saita agogon farkawa rabin awa kafin a buɗe ƙofa, ka ajiye takalmi da tikiti a bakin gado.